Inna Ta Ajiye Tandun Kwalli

Yaya Halima,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigidan da yara, ya sanyin Jos? Mu nan Sandamu sai godiya.

Jiya muka kai Inna asibiti. Likita ya ce ban da ciwon ƙodar, dalma ta taru a jininta, wataƙila daga kwalli ne, ya hana ta sawa.

Da la'asar na same ta a gindin darbejiya tana jujjuya tandunta, tana murmushi ita kaɗai. Ta ce, "Hadiza, yanzun nan na ga marigayi babanku ya dawo daga kasuwar Baure, yana miƙo min wannan." Sannan ta ba ni tandun, ta ce in ɓoye inda ba za ta gani ba.

Ki sa ta a addu'a. A gaida kowa.

Ƙanwarki,
Hadiza