Ta Cinya Aka Bi Zuwa Harshe

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da gwiwar nan taka da ka ƙi kai wa likita. Na san ka ji haushi da kake ta kira matata ce ke ɗauka. Ba wulaƙanci ba ne. Gyambon gefen harshena da na ce maka shayi ne ya ƙona ni, an gwada, cutar kansa ce, ƙari ne ya fito. Magana ba ta fita sai gurnani, shi ya sa na koma biro da takarda.

Likitan farko ya ce sai an yanke fiye da rabin harshen. Yaya, ni da ake cewa ko famfo nake gyarawa sai na yi masa hira! Na ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Sai aka tura ni wajen wata likita, 'yar siririya, ba ta fi sa'ar babbar 'yarka ba. Ta ce maimakon maganin ya zaga duk jiki, za ta kai shi kai tsaye ta jijiyar da ke shayar da ƙarin, a haɗa da gashin ƙarin da hasken na'ura. Ba ta yi mini alkawari ba. Idan bai yi ba, sai yankan.

Ka sa ni a addu'a.

Ƙaninka,
Mai Famfo

Zuwa ga Yaya,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. An yi zagayen farko na maganin, kuma na tafka abin kunya. Don in sauƙaƙa musu aiki, na sa aka kwashe gemuna tas, gemun shekara ashirin. Ina kwanciya sai nas ta zo da reza ta nufi cinyata. Na damƙe riga, na rubuta da manyan baƙaƙe cewa sun yi kuskuren majiyyaci, nawa ciwon a baki yake. Likitar ta juya takardar ta zana mini babban layi daga cinya zuwa wuya, da rassansa. Nan take na gane, ai ta inda bututu ya fi faɗi ake shiga. Gemu dai ya tafi a banza, matata har yau dariya take.

Idona biyu aka yi komai. Ta zura wani tiyo siriri kamar zare, tana kallon allo tana murza shi da yatsa biyu, yana shan kwana bayan kwana cikin jijiya, har gindin harshe. Kafin ta saki magani sai da ta tura ruwa mai shuɗi, ta sa na buɗe baki ta haska. Gaban ƙarin ya rine, bayansa bai rine ba. Wato akwai wata jijiyar da ke shayar da shi ta bayan fage.

Yaya, shekara talatin ina wannan sana'a, na san inda ma'aikaci ke cewa ya isa haka, ya tattara kayansa. Ni kaina na sha yi, Allah ya yafe mini. Ita ja da baya ta yi ta sake lalube, kusan awa guda, sanye da rigar dalma mai nauyi ta kariya daga hasken na'ura, gumi na jiƙa mata hula. Sai da shuɗin ya rufe ƙarin duka ta saki maganin, ana ɗura mini wani ta hannu don ya kare ƙoda. Wallahi ban taɓa ganin aiki mai tsabta irin wannan ba. Awa shida na yi a miƙe, an hana ni lanƙwasa ƙafa, ina ta tunaninsa.

A gaida yara.

Ƙaninka,
Mai Famfo

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Ka yi haƙuri da shirun wata uku. Na sha wuya: bakina ya yi ta ƙuraje, yawu ya ƙafe, abinci kamar ina tauna kwali, wandunana duk sun yi mini yawa.

Jiya aka duba hoton ƙarshe. Ƙarin ya ɓace daga hoton, ba za a yi yanka ba. Likitar ta ce kada in yi sake, duk wata sai na zo ta duba.

Na tafi mata da godiya a rubuce, shafi guda cur. Ko karantawa ba ta yi ba, ta kife takardar a tebur ta ce da baki take so. Ga layi a waje, ga harshe ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Na fi minti biyar ina fama da jimla uku, ba ta ƙarasa mini ko kalma ɗaya ba, ba ta kalli agogo ba. Da na kai ƙarshe sai na ga matata ta juya tana share hawaye, ni ma nawa suka zubo.

Gobe da hantsi zan kira ka. Idan ka ji wata murya a shaƙe tana jan magana, kada ka kashe, ni ne.

Ƙaninka,
Mai Famfo