Dokin Falon Ɗelu

Danau Kota, Kuala Lumpur

Yaya Turai, assalamu alaikum. Ya yara, ya kulle?

Yaya, falona ya zama kogi! Kin san karatun maigidana Baban Afnan a kan wata tsohuwar hanyar jiragen ruwa ne a Holan, wadda aka haƙa da shebur shekara ɗari biyu da suka wuce, daga Amsterdam har bakin teku. To korona ta rufe jami'a, zuwansa can ya rushe. Malamansa sun ce ko ya nuna gwajinsa ta bidiyo wata mai zuwa, ko mu tattaro mu dawo ba digiri.

Bawan Allah sai ya tsaga bututun roba biyu, ya shimfiɗa daga baranda har ƙofar kicin, ya cika da ruwa. Robobin tapau ɗina, na sayo abinci a waje, su ne jirage. Har da gada mai yawo kan ruwa, tana matsawa gefe jirgi ya wuce! Wai a da dawakai ne ke bin gaɓa suna jan jiragen da igiya, ba sauri ba nawa. Canki wa ya zama doki. Wallahi daɗi nake ji!

Ƙanwarki,
Ɗelu

*

Kano

Ɗelu, wa alaikumus salam. Muna lafiya.

Kanki ɗaya kuwa? Ki taimaki mijinki, ban hana ba, amma ranar jarrabawar ki tsaya bayan labule. Kada Turawa su ga 'yar gidanmu tana jan igiya, su yi mana dariya. Allah ya ba da sa'a.

Yayarki,
Turai

*

Yaya, sallama da gaisuwa.

Na bi maganarki, na ɓuya. Ana tsakiyar gwaji igiyar da nake ja ta sarƙe a labulen, jirgi ya tsaya cak. Baban Afnan ya jiƙe da gumi. Ai sai na zura hijabi na fito, na warware, na ja abina a hankali har kicin.

Wani tsohon farfesa daga Holan, cikin masu jarrabawar, ya cire gilashi. Ya ce kakan babansa jan jirage ne sana'arsa a wannan hanya, shi da dokinsa, kuma shi a hoto kawai ya san abin sai yau. Ya roƙa in sake.

Yaya, sau uku na ja! Baban Afnan ya ci jarrabawa!

Taki,
Ɗelu

*

Ɗelu,

Alhamdulillah! Na janye maganata. Turo bidiyon maza, Inna ta hana ni sakat, wai sai ta ga dokinta.

Turai