Ni Na Tura Hoton Rigar, Shi Ake Hukuntawa

Assalamu alaikum Admin da 'yan uwa. A ɓoye sunana, kuma don Allah ku ba ni shawara kafin Juma'a, domin bayan Juma'a ban san ko za ta yi amfani ba.

Shekarata ashirin da shida, a Kusfa aka haife ni cikin birnin Zariya. Sana'ata ɗaukar hoto, na fara ne daga bukukuwan mata, kamu da sa lalle, inda ba a son namiji ya shigo da kyamara. Ni tun ina sakandare littattafan soyayya suka cika min kai, kullum gani nake akwai wani saƙo da zai zo wata rana ya sauya min rayuwa. Burina in riƙa ɗaukar hoton kayan sawa na manyan kamfanonin ɗinki, a rubuta sunana a ƙasan hoton.

Wata da ta riga ni a harkar ta ce min ba zama ake yi ba, imel ake tura musu. Ki gajarta, ki yabi wani ɗinki nasu da kika gani, ki faɗi abin da za ki yi musu, ki haɗa da hoto uku, bayan sati guda ki sake tuntuɓa. Wata biyar na yi ina haka, imel sun fi arba'in. Biyu ne suka amsa. Ɗaya ta ce hoton amare ba shi ne aikin ba, in koma in koya. Ɗayar ta tambaye ni wai a Zariya akwai abin ɗauka ban da tsofaffin katangu.

Wanda zan aura, bari in kira shi Yaya Bashir, an sa mana rana bayan babbar Sallah. Mahaifinsa, da nake kira Baba, ɗinkin hannu na babbar riga yake yi a zauren gidansu, gadon kakanni ne, kuma Yaya Bashir shi ne hannun damansa. Wani Alhaji ya ba su aikin rigar da zai saka ranar ɗaurin auren 'yarsa ta fari, ya ce yana son zanen da ba a taɓa ganinsa a jikin kowa ba. Baba da kansa ya zana, suka yi wata bakwai a kanta. Ƙa'idar Baba kuwa kowa ya san ta, riga ba ta ganin rana kafin mai ita ya saka, ba a nuna ta, ba a gwada ta a jikin wani. A naɗe take a cikin adaka.

Na hango ta sau ɗaya, na kasa barci. Kwana uku ina roƙon Yaya Bashir ya bar ni in ɗauki hotonta yana ƙi, a na huɗu na ce masa ashe soyayyar tasa ba ta kai nauyin yadi ba. Na san inda maganar za ta soke shi, shi ya sa na faɗa. Ranar da Baba ya tafi ta'aziyya ƙauye ya ɗauko ta, muka je gindin dutsen Kufena da la'asar, ya saka. Na ɗauke shi daga wuya zuwa ƙasa, gaba da baya, ban sa fuskarsa ba. Wallahi ranar ji na yi kamar ni da shi aka rubuta a littafin soyayya. Na yi masa alƙawarin hotunan nawa ne ni kaɗai, ba za su bar hannuna ba.

A satin na tura su wani kamfani a Abuja. Kwana biyu amsa ta zo, Hajiyar mai kamfanin ta ce ina da ido, ta ce in turo na kusa sosai, wuya da aljihu da baya, don su ga ko kyamarata tana kama zare. Na tura goma sha biyu. Daga nan shiru, na tuntuɓa sau uku babu amsa. Bayan sati shida sai ga hotona a shafinsu, suna tallar sabuwar rigarsu, zanen Baba sak, aikin inji, kala uku. Babu sunana. Da na yi magana Hajiyar ta amsa da layi ɗaya, wai ni na fara turowa, kuma in gode sun fito da aikina duniya ta gani. Zan faɗi gaskiya tunda ba ku san ni ba, da na ga yadda mutane ke yabon hoton sai da na ji daɗi kafin na ji tsoro.

Ɗan Alhaji ne ya nuna wa babansa hoton a waya, saura kwana goma ɗaurin auren 'yar Alhajin. Alhaji ya zo zaure da kansa, ya ce ba zai saka rigar da ta sha gumin wani ba, kuma ba zai tsaya gaban surukansa da zanen da samari ke yawo da shi ba. Baba ya karɓi wayar, bai ko kalli rigar ba, hannun da ke cikin hoton ya kalla. Yaya Bashir yana da tabo a babban yatsa tun yana yaro, da zoben azurfa.

Baba bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba. Tabarma ya shimfiɗa masa a ƙofar gida, ya miƙa masa rigar da reza, ya ce ya warware ɗinkin zare ɗaya-ɗaya, kada ya huda yadin. Yau kwana tara yana zaune a wurin, masu tafiya masallaci suna wucewa suna yi masa sannu da aiki, wasu da dariya a bakinsu. Baba ya tambaye shi wa ya ɗauki hoton, Yaya Bashir ya ce shi ya ɗauka da kansa, Baba ya ce bai taɓa ganin mutumin da ya ɗauki hoton bayansa ba. Ya ba shi zuwa Juma'a, ko ya faɗi sunan, ko ya bar zauren, kada ya ƙara taɓa allura a gidansa, kuma ya nemi wanda zai karɓa masa aure don shi ba zai je ba.

Shekaranjiya na je gaishe da Baba. Ya ce, "'Yata, maƙwabta suna ta raɗa wai ke ce, tunda ke ke yawo da kyamara. Na ce musu yarinyar da ke durƙusa min tun tana zuwa Islamiyya ba za ta ci amanata ba. Ki yi haƙuri da abin da na haifa, in kin ce kin fasa ba zan ga laifinki ba." Ni kuma na sunkuyar da kai na ce Allah ya kyauta, Baba.

Da zan fita na tsaya wajen Yaya Bashir, yatsunsa duk yankan reza. Bai ɗago ba, ya ce, "Ban tambaye ki ba, kuma ba zan tambaye ki ba. Matsa, kin tare min haske." A littafi irin wannan wurin ne nake rungume shafin ina hawayen daɗi, namiji ya ɗauki laifin masoyiyarsa. Marubutan ba su taɓa rubuta cewa daga nan ba ya ƙara kallon fuskarki ba.

Jiya kuma imel ya shigo daga kamfanin nan. Suna son in ɗauki musu sababbin kayansu gaba ɗaya, da sunana a ƙasa, a Kufena, kuma wai in samo musu mutumin nan na cikin hoton don tsayuwarsa ta yi musu. Saƙon da nake jira ne tun ina sakandare. Ban amsa ba, amma ban goge ba, na karanta shi ya fi sau ashirin.

To 'yan uwa ya zan yi? In je in faɗa wa Baba, na san zai yafe wa ɗansa, amma ni ba zan taɓa shiga gidan a matsayin suruka ba. In yi shiru, Yaya Bashir ya rasa zaure da uba, ya aure ni yana sane da abin da na yi, ko akwai macen da ta taɓa zama lafiya a irin wannan auren? Ku zage ni in kuna so, amma ku haɗa da shawara. Ɗazu na wuce ta layinsu, ya gama baya da aljihu, wuyan rigar kaɗai ya rage masa.