Dabinon Kurmi Ya Yi Zazzaɓi

Gwandu, 3 ga Yuli, 1954

Zuwa ga ƙanena Namadi, a Kalgo.

Gaisuwa mai yawa da so da yarda. Ina fata kana lafiya, kai da iyali, da fatan ruwa ya sauka muku da albarka.

Bayan haka, na san za ka juya takardar nan ka duba ko ɓatan hanya ta yi. Ba ta yi ba. Yayanka ne.

Na taɓa jin ana cewa akwai itacen da ke yin zazzaɓi in yana son aure. Ka tuna tsohon nan na hanyar Gwanja, lokacin muna fataucin goro, wanda ya ba mu tsiro biyu? Ya ce namiji ne da mace, kada mu raba su. Na yi dariya, muka sa musu suna dabinon kurmi, muka raba. Wani malamin daji ma ya maimaita mini zancen zazzaɓin bara, na ce boko ya taɓa shi.

To, Namadi, nawa yana nan gindin rijiya. Shekara arba'in ina shayar da shi, bai wuce gwiwata ba, sai ganye mai tauri da ƙaya. Ko akuya ta raina shi. Kwanan nan ya fid da wani abu a tsakiya kamar zangarniyar masara. Jiya da la'asar na ɗora hannu, wallahi na ji ɗumi kamar goshin mai masassara. Yana zubar da gari rawaya. Tsohon ya ce a kurmi ƙananan ƙwari ke kai wa macen garin nan. Nan kuwa babu ƙwaron da zai yi tafiyar kwana biyu, sai dai mai jaki.

Na tara garin a batta. Ban san kwana nawa zai yi da rai ba. Ka sanar da ni ko taka macen tana nan.

Haza wasalam. Yayanka, Abdulgani.

Gwandu, 12 ga Yuli, 1954

Zuwa ga Namadi.

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, musamman idon nan da na ji ya fara yi maka hazo. Allah ya ba da sauƙi.

Ban ga amsa ba, kuma ban ga laifinka ba. Ni na rantse gaban jama'a, ranar da ka ce ɗiyar masunta za ka aura, cewa ƙafata ba za ta taka gidanka ba. Shekara talatin da ɗaya ke nan. An yi sunan ɗiyanka huɗu, ina nan zaune ina gadin rantsuwa kamar wata dukiya. Ranar kasuwa in na ji wani ya yi tari irin naka, sai na waiwaya.

Shekaranjiya na je wurin liman, ya ce kaffara ciyar da miskinai goma ce. Jiya aka tuƙa tuwo, suka ci, suka suɗe ƙwarya. Ashe abin da ya raba ni da kai bai fi tuwon mutum goma ba. Na koma ɗaki na yi kuka, da gemuna da komai.

Jibi in Allah ya so zan ɗaura wa jaki akumari. In ka ce kada in shiga, zan miƙa battar daga bakin zaure, a barbaɗa wa macen, in juya. Amma ka fito in ga fuskarka.

Za ka ce ina na san taka ta buɗe tana jira. An ce mini duk damina in ta zubar da 'ya'ya marasa ƙwaya, kakan tsince su ka ce na Gwandu yana can yana zazzaɓi shi kaɗai. Wadda ta faɗa mini da ƙafa ta zo, ta durƙusa ta gaishe ni, ta kira ni Yaya, na rasa inda zan sa idona. Kada ka yi mata faɗa. Matarka ce, Huseina.

Wasalam. Naka, Abdulgani.