Sannun da Na Ɗaga Maka

Zuwa ga Baban Zainab,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da kai cewa muna nan lafiya, sai dai gwiwar nan da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Ita ta kawo ni London wurin Zainab, wata na biyu ke nan a Thamesmead ina jiran likitoci su gama shawara da junansu. Ni na ce wa Zainab ta sa wannan wasiƙa inda jama'a ke karantawa. Shekara uku ke nan da rasuwarka, kuma akwai maganar da na gaji da riƙonta.

Shekaranjiya bas ta bi da mu ta Plumstead, na hango garejin nan na ƙarƙashin gadar jirgi inda kake ajiye motarka ta tsere. Yanzu wankin mota ake yi a wurin. Zainab ta ga na ɓata fuska ta tambaye ni ko gwiwar ce, na ce mata ita ce.

Ka tuna yadda na zo maka, amarya da akwati ɗaya da rigar sanyi ta aro. Lokacin kuɗin mai ne, gwamnati na ta turo ɗalibai, kai kuma aka turo ka karatun injiniya. 'Yan gida na zuwa sayayya su cika mana flat da akwatuna, su tarar da kai kwance a ƙarƙashin mota baƙi ƙirin da mai, su ja ni gefe su tambaye ni ko karatun ne ya gagara. Har yau ban san wanda ya fara kai ka kallon tseren nan ba. Da na san shi, da ni da shi sai Allah Ya raba.

Ranar da ka nuna mini motar ban ɓoye maka ba. Kujera ɗaya, ba rufi, tayoyi huɗu a waje tsirara, mutum ya shiga ya kwanta a ciki sai kansa kawai ake gani. Na ce ta yi mini kama da makara. Kwana biyu ba ka ci tuwona da daɗin rai ba.

Da ka gama jarrabawa, Alhaji mahaifinka ya aiko da takarda. Ya ce ya ba ka shekara ɗaya ka yi wasanka. In manyan masu tsere sun ɗauke ka, to, ya sa albarka; in ba su ɗauke ka ba, ofis na jiranka a Kaduna, kada ya sake jin zancen. Ka amsa masa da rantsuwa, kuma kai ba ka karya rantsuwa. Daga nan duk rayuwarmu ta koma kan wannan shekara ɗaya.

Wallahi na gaji a shekarar nan, gajiyar da ban taɓa faɗa maka girmanta ba. Daga ƙarshen sanyi har ganye ya fara zuba, ba mu da Asabar ba mu da Lahadi. Mu yi asuba, mu ɗaura motar a tirela, mu ja ta da tsohuwar motar burodin nan da ba ta tashi sai an tura. Mu bi layin mai, mu da a ƙasarmu ake haƙo shi. Mu isa fili cikin taɓo, iska na yanka kunne, in shimfiɗa maka darduma a bayan tirela Turawa na satar kallo. Mu dawo in jiƙa kayan aikinka a bahon wanka, mai gidan haya na ƙwanƙwasa ƙofa wai warin fetur ya cika mata bene. Wani makon injin ya mutu tun kafin a fara, mu kwaso jiki mu dawo. Wani makon mu yi tafiyar rabin yini a ce an fasa tseren saboda hazo. Kai duk wannan bai taɓa hana ka fito a hanya ba.

Mu uku ne kawai, da ni da kai da Baba Issaka, dattijon nan ɗan zangon Kumasi mai gyaran bas, wanda ke ba mu ranakun hutunsa don Allah. Hausarsa ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba, ni ma "kai" yake ce mini, har na saba.

Aikina shi ne agogo da allo. In tsaya a kan katangar da ke bakin hanya tare da matan sauran direbobi, in danna agogo duk lokacin da ka wuce, in jera haruffa a allo in ɗaga maka. Kai ka ce mu yi namu da Hausa don kada maƙwabta su karanta. Kalma uku muka tsayar. TAKA, wato na bayanka ya matso, ka taka totur. SHIGO, wato ka tsaya a duba motar. SANNU, wato na ga hayaƙi ko mai na zuba, ka sassauta ka lallaɓa ta ta kai. Ka ce mini: "A cikin motar nan madubi rawa yake yi, ba na ganin komai. Abin da kika nuna mini shi ne gaskiyata." Na ji daɗin maganar a ranar, har na yi ta juya ta a raina.

A tsakiyar shekara akwai wani matashin direba Bature da matarsa ke tsayawa kusa da ni. Ba ma jin juna sosai, amma muna shan shayi daga filas ɗaya. A filin tseren nan na Kent, a kwanar da ke gangara, motarsa ta ƙwace ta bugi shinge. Aka ɗaga tuta, motar asibiti ta shiga. Ina kallon matar, agogonta na hannunta yana ta tafiya, ta manta ta tsayar da shi. Ya rayu, amma bai sake taka ƙasa da ƙafarsa ba. A hanyar gida na ce maka in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. Ka ce kowa da ranarsa, ka ci gaba da yi wa Baba Issaka zancen giyar mota ta uku. Tun daga ranar na daina kallon tsere, sai dai ƙirga dawowarka.

Tseren ƙarshe a wannan filin aka yi shi. Wani mai babban kamfanin tsere ya zo da kansa, kowa ya san ya ce ukun farko zai gwada a motarsa shekara mai zuwa. Ruwa ya sauko daidai lokacin tashi. Ka tashi daga baya, kana tsince su ɗaya bayan ɗaya, har saura zagaye uku ka shige na uku ta wani ɗan tsukin da ban san mota na iya bi ba. Baba Issaka na tsalle da sifana a hannu. Ni kuwa bayan motarka nake kallo, yadda yake zamewa a kwanar nan mai gangara, kowane zagaye ya fi na baya kusa da shinge. Na bayanka yana manne da kai. Baba Issaka ya miƙo mini harafin T na TAKA. Na ture hannunsa na ɗauki S, na jera SANNU.

Ka wuce, ka ga allon, na ji kukan injin ya sauka. Ko shakka ba ka yi ba. Mota biyu suka wuce ka kafin tutar ƙarshe, ka gama na biyar.

Ka fito, ka cire hular kwano, ka durƙusa kana leƙa ƙarƙashin motar kana neman inda man ke zuba. Ka ɗago ka tambaye ni hayaƙi na gani ko mai. Bakina ya riga zuciyata. Na ce gaisuwa ce, na ga yadda ka wuce na ukun nan ne murna ta ɗebe ni, sannu da ƙoƙari nake yi maka, na manta da abin da muka tsayar. Ka daɗe kana kallona. Sannan ka zauna a kan taya cikin ruwan, ka yi ta dariya har hawaye. Muna ɗaure mota Baba Issaka ya matso kusa da ni ya ce a hankali: "Amarya, kai ka san abin da ka yi." Bai ƙara ba, kuma har muka bar ƙasar bai faɗa maka ba.

Ka sayar da motar, muka koma Kaduna, ka zauna a ofis har ka yi ritaya. Labarin ya zama abin ba da dariyarka. Ba sunan da za a yi ko ɗaurin aure da ba ka ba da shi ba: matar da ta gaishe da mijinta ana tsakiyar tsere. Ka ce masu magana sun ce sannu ba ta hana zuwa, amma kai taka ta hana ka. Jama'a su fashe da dariya, ni in rufe fuska da mayafi, a ce kunya ce. Amma na sha shigowa falo in same ka kai kaɗai kana kallon tsere a talabijin, ƙafarka ta dama na danna tabarma, sai in koma kicin in ƙirƙiri aiki.

To, Baban Zainab, ba gaisuwa ba ce. Ban manta da komai ba. Ba hayaƙi, ba mai, motarka lafiyarta ƙalau, kuma na san na bayanka yana nan. Na san abin da kalmar za ta sa ka yi, na san abin da za ta raba ka da shi, na ɗaga ta da hannuna biyu. Tsoro ne, da gajiya, da son in koma gida da miji mai tafiya da ƙafarsa.

Ba zan yi maka sabuwar ƙarya ba: da za a mayar da ni kan katangar nan, ina jin zan sake ɗagawa. Na samu shekaru masu yawa da kai, ba na nadamarsu. Abin da ke hana ni sakewa shi ne na bar ka kana yafe mini wauta alhali ba wauta na yi ba. Laifin gaskiya ban taɓa kawo maka shi ba, balle ka zaɓa ko za ka yafe ko ba za ka yafe ba. Wannan zaɓin haƙƙinka ne, na riƙe shi har aka ɗauke ka daga gidan. Yau na kawo, a makare.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata maka shi. Allah Ya jiƙan Alhaji da Baba Issaka. Allah Ya sa ka yafe mini kafin mu tsaya a gabanSa, in kuma sai mun haɗu za ka faɗa, Ya ba ni ƙarfin jin amsarka.

Wassalam.

Ni ce matarka,
Hajara