Baitin Ƙarshe na Waƙar Inna

Yaya Verna,

Gaisuwa mai yawa daga Nashville. Yaya ƙafar taki? Yaya maigidanki Dale da jikoki? Ina fata kun kwashe tuffa kafin sanyi ya sauko.

Ni lafiyata lau, muryar ma ba ta gudu ba. Sai dai ranar Asabar wani ɗan abu ya faru. Mun zauna a jere da wasu mawaƙa, kowa yana rera tasa bi da bi. Da aka zo kaina na ɗauko waƙar Inna, ta mai haƙar kwal. Ina kaiwa baitin ƙarshe sai na ji kaina wayam. Na yi ta kaɗa jita ina murmushi. Na kusa da ni ya ce, "Tsoho, barci kake yi?" Aka yi dariya, har da ni.

Gajiya ce kawai. Amma kin tuna, waƙa Inna ta fara mantawa, kafin ta manta sunayenmu.

Na san ƙa'idar gidanmu, wannan waƙa ba a rubuta ta, daga baki sai kunne. Kada ki aiko mini a takarda. Ki zaunar da jikarki Josie a baranda ki koya mata tun yanzu, ni da ke kaɗai muka rage.

Zan zo gida bikin godiya na ƙarshen kaka. Ina shigowa ki rera mini, kada ki jira in roƙa. Ina tsoron kafin lokacin in manta cewa akwai abin da na rasa.

Allah ya bar mu tare.

Ƙaninki,
Odell