Farin Zobe a Tayar Motar Baba

Ƙanena Bulus,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya aiki, yaya Rifkatu da yara? Mu nan Kafanchan lafiya lau, sai godiya.

Ka tuna motar marigayi Baba mai ɗauko citta daga Kwoi, mai farin zobe a tayoyinta? Na sassaƙa 'yar ƙaramarta da katako don gwanjon bikin godiya a coci. Komai ya yi, sai zoben nan. Hannuna rawa yake yi yanzu, taya shida na ɓata da burushi, har na fid da rai.

Sai matata ta ce, "Malam, ka tsufa kana koyar da zane, da'ira ce za ta gagare ka?" Ta ɗauko tsohon akwatin kayan zanenka. Na ɗiga farin fenti a bakin kamfas ɗin zana da'ira da ke ciki, na kafa allurarsa a tsakiyar taya, na juya sau ɗaya. Zobe ya fito sumul!

Da Mama ta ga motar sai ta rungume ta, ta ce coci su nemi wata.

Ku sa hannun nan nawa a addu'a, ka gai da mutanen gida. Kamfas kuwa, kada ka sa rai, ya zama nawa.

Yayanka,
Yohanna